Yadda Ake Karatun Digiri na Biyu da na Uku a Fannin Awon Hoton Asibiti: Jagora ga Ɗaliban Kebbi

Tambayar nan ta yi yawa, daga ma'aikatan ɗaukar hoto na asibitocin Birnin Kebbi, Argungu da Yauri, da ƙananan likitoci, har da waɗanda suka karanta Fiziks ko Kwamfuta a Aliero da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi: ta ina ake shiga binciken awon hoton asibiti, me ake buƙata, kuma me ke kayar da mutane? Abin da ake nufi da fannin shi ne fitar da lamba daga hoto, kamar kaurin bangon mafitsara da milimita, girman ƙari, ko saurin gudun jini a jijiyar ƙwaƙwalwa, a maimakon a tsaya ga "ya kumbura" ko "ya ɗan ragu". Ga matakan a jere. Jerin yana da muhimmanci, domin yawancin waɗanda suka maƙale a shekara ta biyu, wani mataki suka tsallake a watannin farko.

1. Tantance ƙofar da za ka shiga

Ƙofofi huɗu ne. Likita yana iya bin horon ƙwarewa a fannin hoto ƙarƙashin Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, inda kundin bincike yake cikin sharuɗɗan kashi na biyu na jarrabawar ƙwarewar. Yana kuma iya ƙara digirin jami'a a kai. Wanda ya karanta aikin ɗaukar hoto, mai rajista da RRBN, hukumar rajistar ma'aikatan ɗaukar hoto ta ƙasa, zai nemi digiri na biyu a sashensa. Mai digirin Fiziks hanyarsa ita ce Fiziks na asibiti. Mai digirin Kwamfuta, Lissafi ko Injiniya kuwa zai shiga ta sarrafa hoto da rubuta manhaja.

Gargaɗi: digiri na biyu ba lasisin taɓa majinyaci ba ne. In ba ka fito daga ɓangaren asibiti ba, dole ka sami abokin aiki mai lasisi da zai ɗauki hoton, da likitan hoto da zai karanta shi. Ka nemo su tun yanzu, kuma ku yi magana a fili kan sa sunansu a maƙalar da za ta fito.

2. Na'ura da majinyata tukuna, sannan taken bincike

Nan ne aka fi yin kuskure. Ɗalibi ya karanta wata maƙala daga Amurka kan hoton PET ko babbar na'urar MRI, ya rubuta take mai daɗin ji, a amince masa, sannan ya fara yawon neman na'urar. Ka juya tsarin. Ɗauki littafi ka zaga sashen hoto na Asibitin Sir Yahaya, da babban asibitin tarayya na Birnin Kebbi, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A kowane wuri ka tambayi abu huɗu: wace na'ura ke aiki yau, sau nawa ta tsaya a bara kuma har tsawon yaushe, majinyata nawa masu cutar da kake sha'awa suke zuwa a wata, kuma ana iya fitar da ainihin fayil ɗin hoton ko sai takarda. Amsar tambaya ta uku kada ka karɓe ta da baki, ka nemi rajistar sashen ka ƙirga da kanka.

Na'urar sikanin ita ce ta fi yawa a wajenmu, ba ta da tururin da ke cutarwa, kuma tambayoyin da za ta amsa ba ƙanana ba ne. Tsargiya tana nan a garuruwan fadama da bakin kogi inda yara ke wanka da taya noman shinkafa. Akwai tsarin awo na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka tsara a taron Yamai na 1996, wanda ya fayyace yadda ake auna bangon mafitsara da kumburin ƙoda. Yara masu sikila ana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu, kuma wanda awonsa ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana cikin babban haɗarin shanyewar ɓarin jiki. An yi manyan bincike kan wannan a Kano, don haka akwai waɗanda za ka koya a wurinsu ba tare da ka tsallaka teku ba. Lissafin nauyin jariri a ciki da yawancin na'urori ke amfani da shi, na Hadlock, a Amurka aka samar da shi, kuma gwada dacewarsa da matan nan aiki ne mai amfani. A hoton ƙirji, tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da manhajojin da ke karanta hoto don tantance tarin fuka ga 'yan shekara 15 zuwa sama, amma makin da za a ce daga nan a tura mutum gwajin majina, kowane yanki ya kamata ya daidaita nasa.

Taken da ya yi kyau yana faɗin abu uku a jimla ɗaya: me za a auna, a jikin su wa, kuma da me za a kwatanta. A ganina, ga mai digiri na biyu, awo ɗaya a cuta ɗaya ya isa.

Gargaɗi: in aikin na fita ƙauyuka ne, ka duba halin tsaron hanyar kafin ka rubuta sunan gari a tsarin bincike. Sauya wurin bincike bayan an amince da shi yana nufin komawa gaban kwamiti.

3. Nemi malami kafin makaranta

Sunan jami'a ba shi zai zauna da kai kan hotuna ba. Shiga PubMed da Google Scholar, shafukan neman maƙalun bincike a intanet, ka rubuta sunan malamin da kake so ya kula da aikinka, ka ga abin da ya buga a shekaru biyar na baya. Sannan ka nemi ɗalibansa biyu da suka gama, ka tambaye su tsawon lokacin da babi yake yi a teburinsa. Wasiƙar da za ka aika masa ta zama gajera: kai wane ne, tambayarka a layi biyu, na'urar da kake da damar amfani da ita, da maƙalarsa ɗaya da ka karanta da gaske. Bincike irin wannan yana son malamai biyu, ɗaya na asibiti, ɗaya na lissafi ko Fiziks. In sashen bai da na biyun, jami'o'i da yawa suna yarda a ɗauko shi daga wani sashe ko wata makaranta, amma sai an rubuta a hukumance.

4. Takardu da neman gurbi

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Bayero suna da sashen aikin ɗaukar hoto. Jami'ar Legas da ta Obafemi Awolowo a Ile-Ife suna koyar da Fiziks na asibiti a matakin gaba da digiri, kuma a Zariya akwai cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, CERT, da ta shahara a awon tururi. Kwasa-kwasan da ake buɗewa suna sauyawa, saboda haka sanarwar makarantar gaba da digiri ta shekarar ita ce madogara. Galibi ana neman digiri mai daraja ta biyu, takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa, sakamakon sakandare, wasiƙun shaida daga malamai, da cikakken sakamakon darussa da tsohuwar jami'arka za ta aika kai tsaye. Mai daraja ta uku ko babbar difloma yakan fara da difloma ta gaba da digiri. Digirin digirgir kuma yana buƙatar maki mai kyau a digiri na biyu da rubutaccen tsarin bincike.

Gargaɗi: cikakken sakamakon darussa shi ne ke ɓata lokaci. Ka nema watanni kafin a buɗe sayar da fom. Kuɗin jami'o'in tarayya ta Remita ake biya. Kada ka tura wa wani mutum a asusunsa don ya "taimaka".

Ma'aikacin gwamnati ya nemi hutun karatu a rubuce kafin ya tafi. Malamin jami'a, kwalejin ilimi ko ta fasaha ya bi ta ofishin TETFund na makarantarsa. Mai son waje: cibiyar nazarin Fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya tana da kwas na shekara biyu a Fiziks na asibiti, shekarar farko a aji, ta biyu a asibiti, kuma sai mai digiri na biyu, Jami'ar Ghana tana da irinsa, ga tallafin DAAD na Jamus, da na Commonwealth da ake nema ta Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Tarayya. Duk waɗannan, abin da ke bambanta mai nema da saura shi ne ƙaramin aiki da ya riga ya yi da hannunsa, ko da awon mutum talatin ne da aka yi shi da tsari.

5. Kayan aiki da kasafin kuɗi

Kwamfuta mai RAM giga 16 da ma'adanar SSD ta isa kusan duk aikin digiri na biyu. Ka ƙara had-diski biyu na waje. Ga lissafin: yanki ɗaya na hoton CT kusan rabin mega ne, majinyaci mai yanki 400 ya ci mega 200, majinyata 200 sun ci giga 40. Manhajojin da za ka dogara da su kyauta ne: 3D Slicer da ITK-SNAP don zana iyakar gaɓa ko ƙari, ImageJ don awo a hoto mai fuska ɗaya, R ko Python don lissafi, Zotero don tsara maƙalun da ka karanta.

Inda kuɗi ke tafiya da gaske ba kuɗin makaranta ba ne. Mota ce tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, data, wutar sola ko man janareta, man shafawa na sikanin, gwajin ɗakin awo na kowane mutum, kuɗin kwamitin ɗa'a, ɗan abin motar waɗanda za su dawo a sake auna su, da ɗab'in kundi sau da yawa. Ka rubuta farashin kowanne na yau, ka ninka da yawan mutanen da mataki na 10 zai ba ka, ka ɗora aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu saboda tashin farashi. In jimlar ta fi ƙarfinka, yanzu ne lokacin rage faɗin binciken.

Gargaɗi: majinyaci ba ya biyan kuɗin hoton da don bincikenka kawai aka ɗauka.

6. Koyi awo a kan hotunan kyauta

Watannin da kake jiran izini kada su tafi a banza. Rumbun TCIA a intanet yana da dubban hotunan masu ciwon daji da aka share sunayensu, ciki har da LIDC-IDRI mai hoton huhu sama da 1,000. Sauke goma, buɗe su a 3D Slicer, ka zana ƙari ɗaya, ka rubuta girmansa, ka rufe. Bayan mako guda ka sake zana shi ba tare da ka duba na farko ba. Bambancin da za ka gani tsakanin hannunka da hannunka shi ne darasin farko na wannan fanni.

A nan ne kuma za ka san DICOM, wato tsarin fayil ɗin da na'urorin asibiti ke fitarwa. Bayan hoton, yana ɗauke da girman kowane ɗigo da milimita, kaurin yanki, sunan na'ura da saitinta. Ka haddace ma'aunin Hounsfield na CT, wato lambar da na'urar ke bai wa kowane irin abu a hoton: ruwa 0, iska -1000, kitse wajen -100, ƙashi ɗaruruwa zuwa sama da 1000.

Gargaɗi: hoton da aka ɗauka da waya daga allo, ko aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto, ya mutu ga awo. CT yana ɗauke da matakan haske 4,096 ko fiye, JPEG na yau da kullum yana da 256, kuma bayanin girman ɗigo ya ɓace. In asibiti ba ya iya ba ka DICOM, dole a yi awon a kan na'urar kanta, nan take.

7. Izinin kwamitin ɗa'a

Ba a auna ko mutum ɗaya kafin takardar amincewa ta fito, kuma wannan ya haɗa da tsofaffin hotunan da ke ajiye. Binciken cikin asibiti kwamitin asibitin ne. Na cikin gari ko makarantu yana bi ta Ma'aikatar Lafiya ta jiha, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya in 'yan firamare ne. Yawancin kwamitoci suna neman shaidar ka yi ɗan kwas kan ɗa'ar bincike, wanda ake yi ta intanet.

Takardar neman yarda ka rubuta ta da Hausar da tsohuwa a Kamba ko Bagudo za ta gane idan an karanta mata, ka tanadi wurin dangwale da na shaida. Yaro sai iyayensa sun yarda, shi ma in ya yi wayo a tambaye shi. Gaisuwa ga hakimi, mai gari, limami ko malamin tsangaya tana buɗe ƙofa, amma yardarsu ba ta maye gurbin ta mutumin da za a auna. In mata za a duba, a sami ma'aikaciya mace, ko aƙalla mace ta kasance a ɗakin.

Abu biyu kwamiti zai tsaya a kansu. Na farko, tururi: ba a ƙara wa mutum hoton CT ko na ƙirji don bincike sai da hujja mai ƙarfi, shi ya sa ya fi sauƙi ka yi amfani da waɗanda likita ya riga ya tura. Na biyu, me za ka yi in ka ga cuta? Yaron da ka gano ƙodarsa ta kumbura ba lamba ba ce a takardarka. Ka rubuta asibitin da za a tura shi, likitan da zai karɓe shi, da inda maganin zai fito. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman.

8. Kulle tsarin ɗaukar hoto

Rubuta shafi ɗaya ka manna a bangon ɗakin: wace na'ura, wane kai na sikanin (abin da ake ɗorawa a jikin majinyaci), yadda majinyaci zai kwanta, ya ja numfashi ko ya saki, a wane wuri za a ɗora alamar awo, sau nawa. Ƙananan abubuwa suna sauya lamba. Bangon mafitsara yana yin kauri in babu fitsari a ciki, saboda haka sai ta cika ake aunawa. Jijiyar da ke kai jini hanta tana faɗaɗa bayan cin abinci. Saifar yara tana girma da yawan zazzaɓin cizon sauro, don haka wanda ya auna rabin mutanensa da damina, rabi da rani, ya rubuta watan kowane awo. A CT, kaurin yanki da saitin kaifin hoto suna canza sakamako, kuma hoton da aka yi allurar haska jijiya ba a haɗa shi da wanda ba a yi ba.

Sai gwajin na'urar kanta da abin da aka san awonsa, wanda ake kira fantom. A CT, kwanon ruwa da ke zuwa tare da na'urar ya kamata ya ba da 0, kada ya kauce fiye da 5 sama ko ƙasa. A MRI, mai auna yawon ruwa a cikin nama yana gwadawa da ruwan da aka kewaye da ƙanƙara, wanda darajarsa sananniya ce, kusan 1.1 a ma'aunin da aka saba. A sikanin, in babu fantom na kamfani, ana iya dasa zare a tazarar da aka auna cikin agar, wani garin ɗakin gwaji da ke daskarar da ruwa, a ga ko na'urar za ta faɗi tazarar daidai. Ka yi gwajin a farko, ka riƙa maimaitawa, ka rubuta kwanan wata.

Gargaɗi: duk ranar da injiniya ya taɓa na'urar ko aka sauya manhajarta, sake gwajin fantom kafin majinyaci na gaba.

9. Gwajin maimaituwa

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Mai sayen shinkafa a kasuwar Jega ya san ba a cinikin buhu da mudun da yake ba da tara yanzu, sha ɗaya an jima. Kafin ka ce awonka yana gano cuta, ka nuna cewa in an maimaita shi, abu ɗaya yake faɗa.

Ɗauki mutum 30 zuwa 50, masu lafiya da marasa lafiya, don a sami ƙanana da manyan awo. Ka auna kowa, ya tashi daga gado ya ɗan zaga, ya dawo ka sake. Tashin nan wajibi ne. Auna daskararren hoto ɗaya sau biyu ba ya nuna kuskuren riƙon hannu da kwanciya. Sannan abokin aikinka ya auna su, ba tare da ya ga lambarka ba. Kowa da takardarsa, allon na'ura a goge.

Daga nan ka fitar da warwatsuwar awon mutum ɗaya, wadda ake rubutawa SD ta cikin mutum, ka ninka ta da 2.77. Abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin sauyin da za ka yarda na gaske ne. Misali: in SD ɗin ya zama milimita 0.4, sakamakon 1.1 ne. Yaron da bangon mafitsararsa ya sauka daga 6.0 zuwa 5.3 bayan shan magani, ba ka da hujjar cewa ya samu sauƙi. Wanda ya sauka zuwa 4.5, kana da ita. Irin wannan tunanin ne ya sa ƙa'idar RECIST ta 2009, ta auna yadda ƙari ke amsa magani, ba ta cewa ƙari ya amsa magani sai jimlar tsawonsa ya ragu da kashi 30 cikin 100, ba ta cewa ya ci gaba sai ya ƙaru da kashi 20 tare da aƙalla milimita 5.

Gargaɗi: kada ka kafa hujjar daidaito da lissafin alaƙa na Pearson. In abokinka kullum yana ƙara milimita 3 a kan awonka, alaƙar za ta fito cikakkiya alhali ba ku taɓa dacewa ba. Yi zanen Bland da Altman, wanda suka bayyana a 1986: bambancin awo biyu a tsaye, matsakaicinsu a kwance. Nan take za ka ga son-kai na mai awo da faɗin kuskure. Ka ƙara da ICC, lambar da ke nuna yadda awon da aka maimaita ya dace da juna, amma ka faɗi nau'in da ka yi amfani da shi.

In maimaituwar ta fito da rauni, kada ka ci gaba. Koma mataki na 8, ku zauna ku ga inda hannayenku suka rabu, ku gyara, ku sake. Wannan gwaji kaɗai, in an yi shi da kyau, babi ne cikakke kuma yana iya zama maƙalarka ta farko.

10. Yawan mutane da alƙalin gaskiya

Awonka sai an kwatanta shi da gwajin da aka yarda shi ne mai yanke hukunci. A tsargiya, tace fitsari mililita 10 a ƙirga ƙwai, kuma a karɓi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita. A tarin fuka, gwajin majina na GeneXpert. A ƙari, sakamakon naman da aka yanka aka duba. A nauyin jariri, sikelin ɗakin haihuwa, wanda shi ma sai ka gwada shi da nauyin da aka sani, kuma tazarar sikanin da haihuwa kada ta wuce 'yan kwanaki. Mai awon hoto kada ya san sakamakon ɗakin gwaji, na ɗakin gwaji kada ya san na hoto. Kuma kowa a yi masa gwajin alƙalin, ba waɗanda hotonsu ya nuna matsala kaɗai ba.

Yawan mutane lissafa shi ake yi. A ce kana tsammanin awonka zai kama masu cuta 85 cikin 100, kana so kuskuren kada ya wuce 7 sama ko ƙasa: kana buƙatar masu cutar kusan 100. In mutum ɗaya cikin biyar da ke zuwa shi ke da ita, sai ka duba 500. Yanzu koma ga rajistar da ka ƙirga a mataki na 2. In asibitin yana ganin masu cutar 4 a wata, wato mutum 20 da za a duba, sama da shekara biyu ke nan. Ko ka ƙara asibiti, ko ka sauya tambaya.

Gargaɗi: kwatanta masu tsananin ciwo da ɗalibai lafiyayyu yana ba da sakamako mai kyau na ƙarya. Ka ɗauki majinyata a jere yadda suke zuwa, har da masu rikitarwa.

11. Share suna da adana bayanai

Kowane mutum ka ba shi lamba. Littafin da ya haɗa lamba da suna ya zauna a kulle, daban da kwamfuta. Share suna, lambar kati da ranar haihuwa daga cikin fayil ɗin DICOM. Sauya sunan fayil kaɗai bai taɓa su ba. Hoton sikanin yakan zo da suna a rubuce a jikin hoton daga sama, wannan sai an yanke ko an rufe. Ajiye kwafi uku, ɗaya ba a gidanka ba, kuma ainihin hotunan kada ka taɓa su, a kan kwafi ake aiki. Shigar da lambobi a ranar da aka auna.

12. Lissafi, da batun ƙirƙirarriyar basira

Rubuta yadda za ka yi lissafin tun kafin ka ga sakamako, malaminka ya sa hannu. Kowace lamba ka kawo ta da tazarar amincinta ta kashi 95. In ka zana layin ROC, wanda ke nuna yadda awo ke raba masu cuta da marasa ita a kowane maki, ka zaɓi makin yanke hukunci daga mutanenka, ka sani zai yi kyau fiye da gaskiyarsa har sai an gwada shi a wasu mutanen daban.

Kusan kowa yanzu yana son sa ƙirƙirarriyar basira a takensa. Ba na hana kowa, amma matsayinta bayan matakan da suka gabata ne. Manhajar PyRadiomics za ta fitar maka da siffofi sama da 100 daga ƙari ɗaya; in ka gwada 100 a kan majinyata 40, kusan biyar za su fito "masu ma'ana" bisa sa'a kawai. Kuskure na biyu ya fi muni: raba hotuna tsakanin na koyar da manhaja da na gwada ta yanki-yanki, har yankunan mutum ɗaya su faɗa ɓangarorin biyu. Manhajar ta gane mutumin ne, ba cutar ba. Raba da majinyaci, in da hali na gwaji su fito daga wani asibiti. Ga mai ƙananan bayanai, gwada manhajar da ta riga ta wanzu a kan hotunan mutanenmu ya fi gina sabuwa amfani, kuma ya fi saurin kammaluwa.

13. Rubutu, kare kundi da bugawa

Babin hanyoyin bincike ka rubuta shi kana cikin aikin, lokacin da saitin na'ura yake gabanka. Sauke STARD na 2015, jerin abubuwan da ya kamata rahoton bincike ya ƙunsa, ka bi shi layi-layi in bincikenka na gano cuta ne, CLAIM kuma in akwai ƙirƙirarriyar basira. Ka nuna mutum nawa aka gayyata, nawa suka ƙi, nawa hotonsu bai aunu ba da dalili. Ɓoye waɗannan shi ne abin da malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a don ya jarraba kundinka yake fara kamawa. Tambayoyinsa ukun da kusan ba sa wucewa: ta yaya ka san na'urar tana daidai, nawa ne kuskuren awonka, kuma me likita zai yi dabam gobe saboda wannan lambar.

Tura maƙala kafin ranar karewa, domin jami'o'i da dama suna sharɗanta hakan ga digirin digirgir. West African Journal of Radiology da mujallun da ke rumbun AJOL na mujallun Afirka wurin farawa ne mai kyau. Duba ko mujalla tana cikin PubMed, Scopus ko DOAJ kafin ka aika.

Gargaɗi: mujallar da ta aiko maka da saƙo tana alkawarin bugawa cikin mako ɗaya in ka biya, ka rabu da ita, domin kwamitocin ƙarin girma da masu ba da tallafi suna watsar da irin waɗannan. Bayan an buga, kai rahoton kammalawa ga kwamitin ɗa'ar da ya ba ka izini, ka nemi minti ashirin a taron sashen da ka yi aikin, ka bar musu shafin tsarin awo da lambar maimaituwa a manne kusa da na'urar.